Ganin Farko Ba Ya Gushewa: Labarin Gasar Badujala a Ƙasar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata gasa da ake yi kowace shekara cikin watannin zafinsu, watau daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta. Gasa ce ta 'yan badujala, masu ganga da begila, amma fa ba soja ba ne, ba kuwa 'yan sanda ba. Samari ne da 'yan mata waɗanda shekarunsu ba su wuce 21 ko 22 ba. Sukan fito filin ƙwallo su fiye da ɗari, su yi ta busa da kiɗa suna tafiya cikin sahu har wajen minti goma sha ɗaya ko sha biyu, alƙalai na dubansu suna ba da maki. Mutumin da ya taɓa zama gaban wannan abu, ko da ya tsufa har sunayen abokan ƙuruciyarsa sun ɓace masa, da wuya ya manta ranar da ya fara gani. To, labarin wannan ganin farko shi ne za a bayar a nan, tare da yadda zamani ya juya shi, domin akwai abin lura a cikinsa ga mai almajirai da kuma mai fatauci.

ASALIN AL'AMARIN

Tun zamanin da babu waya babu rediyo, da ganga da begila ake ba soja umurni. Akwai busar tashi daga barci, akwai ta cin abinci, akwai ta kai hari, akwai ta janyewa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Farko a 1918, mazaje suka komo gida da wannan sana'a a hannunsu. A 1919 aka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya mai suna American Legion, ga kuma wata wadda ta girme ta, ta waɗanda suka yi yaƙi a ƙasashen waje, ana kiranta VFW. Kowane gari yana da reshensa, reshe kuwa yana son a ga nasa sahun ranar fareti. Sai suka sayi ganguna da begiloli suka riƙa fita, har abin ya zama gasa tsakanin gari da gari.

Da ƙafafun 'yan mazan jiya suka soma nauyi, sai suka juya ga 'ya'yansu da yaran maƙwabta. Majami'u da 'yan sikawut su ma suka shiga, don sun ga hanya ce ta raba yara da yawon banza. Ta haka aka kafa rukunin Cadets a wata majami'a ta garin Garfield a 1934, da na Madison Scouts a jihar Wiskonsin a 1938, da na Crusaders a Bostan a 1940. A 1948 wani saurayi mai suna Don Warren ya tara 'yan sikawut na unguwarsu a Shikago, su ne suka zama Cavaliers. A 1957 kuma Jim Jones ya kafa Troopers a garin Casper, can jihar Wyoming inda mutane ba su da yawa. Kafin a shiga shekarun 1970 irin waɗannan rukunoni sun kai ɗaruruwa a Amurka da Kanada.

YARON UNGUWA

Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1950 da 1960, idan suna ba da labarin ganinsu na farko, galibi ba daga filin gasa suke farawa ba, daga bakin titi suke farawa. Ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, cikin watan Mayu, ko ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin ƙasarsu, yaro yana tsaye gefen hanya riƙe da hannun ubansa. Tun bai ga kowa ba sai ya ji dukan manyan ganguna daga nesa, kamar hadari ya taso daga gabas. Jim kaɗan sai tutoci su ɓullo, sa'an nan sahun masu busa, begiloli na walƙiya cikin rana. Abin da ya fi kama zuciyarsa kuwa shi ne, da suka matso sai ya gane fuskokinsu. Ga ɗan mai gyaran takalma, ga yayan abokinsa, ga yaron da aka kora daga aji makon jiya saboda rashin ji. Yau ga shi ya miƙe kamar sanda, ko ƙifta ido ba ya yi.

Wannan shi ne sirrin zamanin. Yaro ya ga abin da ya ba shi mamaki, ya kuma ga cewa masu yinsa irinsa ne. Idan ya je ya ce yana so, ba a tambayarsa ko ya iya karanta rubutun kiɗa. Sai a miƙa masa tsohuwar begila wadda ta sha hannu, wani dattijo ya busa masa ya ce ya maimaita, kamar yadda ake biya wa yaro karatu har ya zauna masa a ka. Kuɗin shiga kaɗan ne. Iyaye mata su ne masu ɗinka tuta da gyaran kayan sawa, iyaye maza su ne masu tuƙa mota, 'yan unguwa kuwa su tara gudummawa. Sau ɗaya ko biyu a mako ake taruwa a yi koyo, a ɗakin taron 'yan mazan jiya ko a farfajiyar majami'a.

Ita begilar wancan lokaci ba ta da wuyar sha'ani. Ta farko ba ta da madanni ko ɗaya, da leɓe kaɗai ake sauya murya, saboda haka muryoyin da take iya fitarwa ƙididdigaggu ne. A shekarun 1930 aka yarda a sa mata madanni guda, daga baya aka ƙara wani ɗan abin juyawa. Duk da wannan ƙarancin, amonta yana da kaifi da nisa, don tun asali an ƙera ta ne domin a ji ta a fagen fama.

DAREN GASA

Bayan fareti sai gasa. Akan yi ta da yamma ko da dare a filin ƙwallon wata makaranta, an kunna fitilu, mutane sun cika matakalan zama. Filin yadi 100 ne tsawonsa, an ja masa farin layi kowane yadi 5. Yaron da ya zo kallo karon farko zai ga abin da bai zata ba tun ba a soma busa ba. Rukuni zai jeru a gefe, wani jami'i ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba. Ya dubi aski, ya dubi maɓallin riga, ya dubi takalmi, ya dubi ko begila ta sha goga. Zare ɗaya da ya fito daga kafaɗa yana iya jawo ragin maki. Ashe tun kafin a buga ganga an fara cin wani, an fara kayar da wani.

Sa'an nan su jeru a layin farawa, can ƙarshen fili. Madugunsu ya juyo ya sara wa alƙalai. Wuri ya yi tsit. Da busar farko sai a ji ƙarar libarba, alamar an fara ƙidayar lokaci. Su taso gaba ɗaya kafaɗa da kafaɗa, kusan taki 130 a minti, domin har saurin tafiya akwai mai auna shi. Tsarin wasan sananne ne ga kowa: a shigo da ƙarfi, a zo wurin girmama tutar ƙasa inda jama'a duk za su miƙe tsaye, a tsaya cik a tsakiyar fili a busa wata waƙa, masu ganga su nuna tasu gwaninta, kana a juya a nufi ɗaya ƙarshen filin da busar ban kwana. Tutar ƙasa tana da masu gadinta riƙe da bindiga, kuma akwai dokoki masu tsanani game da yadda za a ɗauke ta.

Wani abin da tsofaffi ba su mantawa shi ne alƙalan cikin fili. Mutum ne riƙe da allo da fensir, yana kutsawa tsakanin sahu, yana kasa kunne bakin ganga. In sandan wani makaɗi ya riga na 'yan'uwansa sauka, sai ya ja ɗan layi a takarda. In ƙafar wani ta saɓa, ya ja layi. In muryar wata begila ta fashe, ya ja layi. Kowane layi ushirin maki ne aka cire. Saboda haka rukunin da ya ci shi ne wanda kurakuransa suka fi kaɗan. Yara suka tashi da sanin cewa kuskuren mutum ɗaya hasarar mutum tamanin ce, kuma ba wanda zai ɓuya a bayan wani.

In an gama duka, sai rukunoni su komo fili su jeru gefe da gefe, mai shela ya karanta maki daga na ƙasa zuwa na sama. Wanda ya sha kaye ba ya motsi, wanda ya ci ma ba ya tsalle, sai madugu ya fito ya sara ya karɓi kyauta. Yaro ya koma gida kunnensa na amsa kuwwa, ya kwana yana dukan matashi da 'yan yatsu. Da yawa daga cikin waɗanda suka zama malaman kiɗa a ƙasar, a irin wannan dare aka kama su.

RABUWA DA IYAYEN GIDA

Kowane ɗa in ya girma yakan so ɗakinsa. A ƙarshen shekarun 1960 shugabannin manyan rukunoni suka soma ƙorafi kan abu biyu. Na farko, dokokin 'yan mazan jiya sun ɗaure su, ba su da ikon sauya tsarin wasa ko kayan busa sai da yardar waɗanda ba su ne ke koyar da yaran ba. Na biyu kuwa maganar kuɗi ce. Su ne ke tara jama'a, su ne ke biyan mota da mai da abinci, amma abin da ake ba su daga kuɗin ƙofa bai taka kara ya karya ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ƙarshen cinikin da mai kaya ke ɗaukar wahala, dillali na kwashe riba.

A 1971 Don Warren da Jim Jones suka haɗa kai da waɗansu rukunoni uku, watau Madison Scouts da Blue Stars da Santa Clara Vanguard, suka ce duk mai son ganinsu sai ya gayyace su tare, ya kuma biya abin da suka yanka. Rukunonin gabashin ƙasar su ma suka yi irin wannan haɗin kai. Kafin shekarar ta ƙare rukunoni 13 suka kafa ƙungiyarsu ta kansu, Drum Corps International, wadda ake taƙaitawa DCI. A watan Agusta na 1972 suka yi gasarsu ta farko a wani ƙaramin gari mai suna Whitewater a jihar Wiskonsin, rukunin Kingsmen na garin Anaheim a Kalifoniya ya zo na ɗaya. Santa Clara Vanguard ta ci 1973 da 1974.

Da linzami ya komo hannunsu sai sauye-sauye suka biyo baya. Aka bar duba aski da maɓalli. A 1977 aka yarda da begila mai madanni biyu, a 1990 mai uku. Manyan tambura na tagulla da allunan kiɗa irin su marimba, waɗanda dā yara ke rataye da su suna tafiya har bayansu ya ƙage, aka sauke su gaban fili a farkon shekarun 1980. A 1984 aka bar lissafin cire ushiri, aka koma ba da maki gwargwadon wuyar abin da aka yi da kyan yinsa. Wannan ya buɗe ƙofa ga masu ƙarfin hali, domin dā mai gudun kuskure yakan zaɓi abu mai sauƙi, yanzu kuwa mai sauƙi ba ya kai mutum ko'ina.

GANIN FARKO TA AKWATI

'Yan baya, waɗanda suka yi ƙuruciya daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1990, da yawansu labarinsu daban ne. Su a ɗaki suka fara gani. A 1975 tashar talabijin ta jama'a, PBS, ta soma nuna daren ƙarshe na gasar. A birnin Filadelfiya aka yi ta a shekarar, Madison Scouts suka ci. Shekarar da ta biyo, a wannan birni dai, Blue Devils na garin Concord a Kalifoniya suka ci karonsu na farko. Yaro yana zaune a wani ƙauye inda babu rukuni ko ɗaya, yana murɗa akwati yana neman abin kallo, sai ya faɗa kan wasu mutane cikin kaya masu ƙyalli suna zana siffofi a kan ciyawa da jikunansu. Ya kira uwarsa ta zo ta gani, ita ma ba ta san ko mene ne ba.

Abin da talabijin ya nuna wanda mai tsayuwa bakin titi bai taɓa gani ba shi ne siffar wasan daga sama. Waɗanda suka fara kallo a 1983 zuwa 1985, shekaru uku da Cadets na Garfield suka ci a jere, sukan tuna yadda sahu ke narkewa ya zama baka, baka ta naɗe ta zama zobe, zobe ya warware da gudu har mutum ya ce yanzu za su yi karo, amma kowa ya bi ta gurbinsa ya wuce. George Zingali ne ya tsara musu wannan tafiya, kuma bayansa sauran rukunoni duk suka bar tsohon tsarin da gefen dama ke kwaikwayon gefen hagu. Da na'urar bidiyo ta shiga gidaje, yara suka riƙa naɗar wasan suna maimaitawa har kaset ya gaji.

Amma duk wanda ya fara gani ta akwati yana da ganin farko na biyu, watau ranar da ya je fili da ƙafarsa. A nan ne labarin tsoho da na yaro suke haɗuwa, domin abu ɗaya dukansu ke ambata: amon. Masu busa sittin ko saba'in su juya wa jama'a baya suna busawa a hankali, kamar ana magana a ɗaki na uku. Sa'an nan a bugu ɗaya su juyo, su ɗaga bakin ƙahoninsu sama, su saki iyakar abin da ke ƙirjinsu. Mai kallo ya ji abin ya doke shi a ƙirji da haƙora, bencin da yake zaune a kai yana rawa, tsigar jikinsa ta tashi. Waɗansu su miƙe ba su san sun miƙe ba, waɗansu su ga hawaye na zuba ba dalili.

Wannan kuwa yana da sababi. Kayan busan duk an ƙera su bakinsu na duban gaba, saboda haka amon ba ya watsewa, wuri ɗaya yake nufa. Kuma in muryoyi suka daidaita sarai, ba wadda ta ɗara wata ko da kaɗan, sai su ƙarfafa juna maimakon su ci juna. Ƙaramar lasifikar akwati ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Shi ya sa suke cewa wanda ya ji a faifai labari ya ji. Gani ya kori ji, in ji masu magana, amma a wannan fage sai an haɗa ganin da jin a wuri guda.

ABIN DA MAI KALLO BAI GANI BA

Mai kallo yana ganin minti goma sha ɗaya, bai san abin da aka biya ba kafin a same su. A manyan rukunoni na yanzu tun watan Nuwamba ake fara tantance masu son shiga, ɗaruruwa su zo neman gurbi kaɗan. Cikin watan Mayu waɗanda aka zaɓa su bar gidajensu su tare wuri ɗaya, su yi makonni suna koyo tun safe har dare. Kowane ɗayansu yana da gurbinsa a fili a kowace ƙidaya, sai ya haddace su duka. Taki takwas ne cikin yadi biyar a tafiya ta ƙa'ida, watau kowane taki inci 22 da rabi, kuma dole mutum ya iya shi gaba da baya da gefe, yana busa, muryar ba ta girgiza ba.

In gasa ta kama sai su zama ayari. Motocin safa na ɗauke da mutane, wata babbar mota na ɗauke da kaya, wata kuma ita ce ɗakin girki. Su yi wasa da dare a wannan gari, su hau mota su kwana bisa hanya, da asuba su sauka a wata makaranta su shimfiɗa a daɓen zauren motsa jiki, su ɗan runtsa, su tashi su koma rana. Haka za su yi ta yi, mil dubbai, har su isa birnin Indiyanafolis, inda ake yin gasar ƙarshe a filin Lucas Oil tun 2009. Rukunoni 12 ne ke kai wa daren ƙarshe. Maki 100 ne, 40 na yadda wasan ya ratsa mai kallo, 30 na tafiya da tuta, 30 na busa da kiɗa. A 2014 Blue Devils suka sami 99.65, kuma a 2023 suka ci gasar karo na 21, ba rukunin da ya kama ƙafarsu. Waɗanda shekarunsu suka cika kuwa suna da al'ada: bayan wasansu na ƙarshe sukan tuɓe takalmansu su bar su a fili, alamar tafiya ta ƙare.

RIBA DA HASARA

To, a nan ne maganar take. Ba mai musun cewa gwanintar yanzu ta fi ta dā nesa ba kusa ba. A 2000 aka yarda da kayan busa irin na sauran makaɗa, aka soma barin tsohuwar begila. A 2004 lasifika ta shigo fili, a 2009 kayan kiɗa masu aiki da lantarki suka biyo. Tun 2022 rukuni ɗaya yana iya fitowa da mutum 165. Akwai tsofaffin da har yau suke cewa ranar da aka ajiye begila aka sa lasifika, ranar aka sayar da gadon gida. Matasa kuwa su ce kowane zamani da kiɗansa, kuma su ma tsofaffin ai sun saɓa wa nasu magabatan a 1971. Wannan gardama ba za ta ƙare ba, ba kuwa ita ce babbar hasara ba.

Babbar hasara ita ce ƙofar da yaron unguwa ya shiga ta ƙuntata. 'Yan mazan jiya sun tsufa, rassansu sun yi rauni. Majami'u da yawa sun janye hannunsu. Iyalai sun tashi daga tsofaffin unguwannin birni sun watsu a bayan gari. Yaƙin Biyetnam ya ɗebe samari, tsadar mai ta 1973 ta sa tafiya ta yi nauyi. Sa'an nan tsarin yawon ƙasa gaba ɗaya, wanda ya ɗaukaka manyan rukunoni, shi ne ya karya ƙanana, domin rukunin da ke koyo sau biyu a mako ba zai iya karawa da wanda ke koyo kullum ba, in kuwa ya ce zai bi sahu bashi ya cinye shi. Ɗaruruwan nan na dā suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ke fita gasar DCI yanzu ba su wuce 'yan gomiya ba.

Su manyan ma ba su tsira ba. Santa Clara Vanguard ba ta fita ba a 2023 saboda rashin kuɗi, sai a 2024 ta komo. Cadets kuwa, masu cin gasar sau 10, matsalar kuɗi da ta shari'a suka rufe su a 2024, shekara 90 bayan kafuwarsu. Yaron da ke son shiga babban rukuni yau sai ya zo da gwanintarsa tun daga makaranta, ya kuma biya dubban daloli, alhali watannin da zai yi a hanya su ne waɗanda 'yan'uwansa ke aiki suna tara kuɗin karatu. Dā rukuni ne ke ɗaukar wanda bai iya ba ya koya masa. Yanzu rukuni na zaɓen wanda ya riga ya iya.

Gaskiya ne aikin koyar da na farko bai mutu ba, ya koma hannun makarantu, inda dubban yara ke koyon busa da tafiyar sahu, malamansu kuwa da yawa tsofaffin 'yan rukunonin nan ne. Akwai kuma ƙananan rukunoni masu sauƙin kuɗi, da na manya waɗanda ke taruwa ƙarshen mako kawai. Yaron yau yakan fara ganin wasan a wayar hannunsa, ko a gidan silima inda aka soma nuna shi tun 2004, kuma in ya je fili amon nan yana dukan ƙirjinsa kamar yadda ya doki na kakansa. Bambancin ɗaya ne. Kakan da ya dubi sahu ya ga ɗan maƙwabcinsu, ya ce gobe shi ma zai je. Jikan yana duban sahu ya ga gwanaye daga jihohi masu nisa, har da na ƙetare, ya tafa musu, ya tambayi kuɗin shiga, ya yi shiru.

Wannan mas'ala ba ta 'yan badujala kaɗai ba ce. Kowace sana'a da ta ɗaukaka har ta manta da matakalar da ake hawa a iso gare ta, tana cin iri ne tana zaton girbi take ci. Itace ba ya tsayawa da rassan sama in saiwa ta bushe. Waɗanda suka ga abin a bakin titi shekara sittin da suka wuce suna ta raguwa, kuma abin da suke ba da labari ba makin da aka ci ba ne, ba kuwa kofin da aka ɗauka ba. Suna tuna daren da suka ji amon, da safiyar da wani dattijo ya miƙa musu tsohuwar begila bai tambaye su ko sisi ba. Daren yana nan har yanzu. Safiyar ce ake nema.

Iyakar labari ke nan. Wasalam.